Larabar da Ba a Fito da Sikeli Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba daga bakin kowa na fara jin labarin ba, da idona na gane shi. Ranar Laraba ce, sha huɗu ga watan Mayu na 2025. Na shigo makaranta da kular zoɓo a kaina da bokitin ɗanwake a hannu, kamar yadda na saba. Duk ranar Laraba tun kafin in kai ƙofa nake jin ƙarar usur ɗinki, Malama, da dirin ƙafafun yara suna zagaya fili. Ran nan shiru. Na duba gindin dogon yaro inda kike ajiye sikeli, babu sikeli, babu zanen da kike ɗaurawa ki yi labule. Yara suna tsaye a layi, ba mai ture wani. Sai na hango hedimasta, Malam Sirajuddeen, a bakin ofis da usur ɗinki a hannunsa, yana naɗe igiyar a yatsa yana warwarewa. Shekara uku ban taɓa ganin usur ɗin nan a hannun wani ba. Na sauke kular a hankali. Daga baya hedimasta ya ce ya ɗauko usur ɗin ne daga teburinki don ya tara yara ya faɗa musu, amma ya kasa hurawa.

Allah ya yi wa Malama Ummulkhair Abdulsalam rasuwa a safiyar wannan rana bayan sallar asuba, a asibiti a Gumel, inda aka kai ta ranar Talata da la'asar bayan ta yanke jiki ta faɗi a gida. Shekarunta hamsin da shida, talatin da ɗaya daga ciki a aji ta yi su. Aka dawo da ita nan Maigatari, aka yi mata sutura kafin azahar.

Ni ce Hannatu, ɗaya daga cikin matan da suke sayar wa yara abinci lokacin tara a gindin bishiyar makaranta. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, a yi mini haƙuri da rubutun. Malam Sirajuddeen ya ce duk mai abin faɗa a kanki ya rubuta a karanta a taron iyaye na ranar Asabar. Malamai za su faɗi abin da suka sani na aikinki, kuma sun fi ni iyawa. Ni abin da na gani a gindin bishiya da abin da ya faru a tsakar gidana zan faɗa.

Malama, zan fara da abin da nake jin kunyarsa. Da na gane kin tafi, bakina ya yi salati, amma zuciyata ba addu'a ta fara yi miki ba. Cewa ta yi, to yanzu wa zai yi wa Baban Nana magana? A jikina a lokacin akwai takardar da kika rubuta mini ranar Litinin, ta a kai 'yata Nana Firdausi Gumel a auna jininta. Ubanta bai yarda ba tukuna, kuma ke kaɗai ya ce zai saurara. Ki yafe mini, Allah ma ya yafe mini.

Ina tuna ranar da kika kawo sikelin a bayan adaidaita. Na awon riɗi ne, na maigidanki Alhaji Ɗantsoho, irin mai faɗin nan da ake ɗora wa buhu. Mu matan gindin bishiya muka yi ta dariya. Rabi mai awara ta ɗaga murya ta ce, “Malama, 'ya'yan namu ma ƙasar waje za a fitar da su kamar riɗi?” Ba ki ko juyo ba kika ce, “Ke zan fara ɗorawa, Rabi. In ya karye Alhaji ya san gidanku.” Ranar kika sa aka ja layuka da shuɗin fenti a bangon aji huɗu don awon tsawo, kika yi wa kowane yaro kati. Kika ce daga yau Laraba ranar lafiya ce a makarantar nan.

Ba kowa ya so abin ba. A taron iyaye na farko wani dattijo ya miƙe ya ce, “Malama, mu da muke roƙon Allah yaranmu su yi kumari, ke kina zancen ƙiba? Ai wannan ciwon 'ya'yan Abuja ne.” Mutane suka yi dariya, har da ni. Kika bari aka gama, sannan kika ce, “Baba, sikelin ɗaya ne, kuma ba ya zaɓe. Ramammu sun fi yawa, su na fara nema, na kuma tura iyayensu asibiti. Amma na sami yara goma sha ɗaya da nauyinsu ya wuce ƙa'ida da nisa, babu ɗan Abuja ko ɗaya a cikinsu. 'Ya'yanmu ne, na direbobi da 'yan kasuwa, waɗanda Allah ya buɗa wa iyayensu.” Aka ce ki faɗi sunayensu. Kika ce ba za ki faɗa ba.

Haka kika yi har kika koma ga Allah. A bayan labule kike auna yaro, ke da shi kawai. Ban taɓa jin kin ce wa yaro yana da ƙiba ba. Cewa kike yi, “Nauyinka ya riga tsawonka. Za mu riƙe nauyin ya jira, tsawon ya cim masa.” Ba ki hana kowa cin abinci ba. Kuma ba ki ware goma sha ɗayan nan kin sa su gudu ana kallonsu ba, makarantar gaba ɗaya kika tayar. Maza su yi langa da ƙwallo, mata su yi gaɗa da tsallen igiya, kowa ya zagaya fili sau biyu, har malamai. Ke ma kina cikinsu da dogon hijabinki kina tafi, kina haki, kina cewa, “Ku wuce ni, tsohuwa ce!” Kika sa aka ajiye randa da moɗa a ƙofar kowane aji, don yaro ya sami ruwa kafin ya tuna da lemo.

Mu masu abinci mun ɗauka korarmu za ki yi. Ba ki kori kowa ba. Kika zauna da mu a kan benci kika ce suya ta koma Litinin da Alhamis kawai, sauran ranaku a kawo dafaffe: ɗanwake, kwaɗon zogale, dafaffiyar gyaɗa, gurjiya, dankali, kankana da yalo in lokacinsu ne. Mai lemon roba da alawa ya tsaya a wajen ƙofa. Ni kuma kika tambaye ni sukari nawa nake zuba wa kula ɗaya ta zoɓo. Na ce gwangwani shida. Kika riƙe baki. Na ce in na rage yaran za su guje ni. Kika ce, “Ba yau za ki rage ba. Duk mako biyu ki cire rabin gwangwani, ki ƙara citta da kanumfari da ɓawon abarba. Kada ki faɗa wa kowa, ko Rabi.” Haka muka yi ta yi a ɓoye, ni da ke, har muka sauko gwangwani biyu. Ko yaro ɗaya bai gane ba. Wata rana sukarin ya kufce mini ya yi yawa, wata 'yar aji uku ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ce, “Inna Hannatu, yau zoɓonki kamar maganin tari.” Da na ba ki labari kin yi dariya har da hawaye.

Duk wannan lokacin ina taya ki gyara abincin 'ya'yan mutane, amma ina ɓata na tawa 'yar a gida. Nana tana cikin goma sha ɗayan nan, ita ce ma ta farko. Kin faɗa mini tun watan farko, ni kaɗai, a hankali. Na ce to. A zuciyata kuwa na ce ba ki san abin da na gani ba.

Ga abin da na gani. Ɗana na fari, wanda bakina ba ya kiran sunansa, tamowa ce ta ɗauke shi yana da shekara ɗaya da wata bakwai. Lokacin muna wani ƙauye a ƙasar Gagarawa, ubansu bai zama direba ba, damina ta yi nisa, rumbu babu komai. A ƙaramin asibitin da na kai shi aka ba ni igiyar awon dantse, irin mai launi uku ɗin nan: ja, rawaya, kore. Aka ce ja hatsari ne, kore lafiya. Hannunsa yana cikin ja, kuma bai fita ba. Bayan an binne shi na naɗe igiyar na ajiye a ƙasan akwatina. Sai da na yi shekara shida kafin Allah ya ba ni Nana, kuma bayanta ban sake samu ba.

Tun tana wata shida duk Juma'a nake auna dantsenta. Igiyar nan babu wani launi a bayan kore. Don haka a ganina duk yadda hannunta ya ƙara nisa cikin kore, ta ƙara nisa da kabarin yayanta. Tana shekara huɗu ta yi zazzaɓi ta ɗan rame, na ruɗe. Na fara saya mata abincin tamowa na leda, wanda aka yi don yara ramammu amma ake samunsa a kasuwa a ɓoye. Na haɗa mata da maganin ruwa na buɗe ciki, wanda ake kira sha-ka-fashe, a wurin mai tallar magani. Ubanta kuma duk dawowarsa daga Damagaram da tsaraba yake zuwa: dogon burodi, madarar gwangwani, biskit, katan ɗin lemo. Ya ɗaga ta yana nishi yana dariya yana cewa, “Ku zo ku ga 'yar direba!” Shi a tunaninsa tsarabarsa ce take karɓarta. Bai san da ledar ba, bai san da kwalbar ba. Ranar da igiyar ta kasa zagaye dantsen Nana, Malama, waina na soya na yi sadaka.

Yara suna kiranta Tirela. Takan dawo gida ta ƙi magana, ni kuma in ce hassada ce, in ƙara mata abinci ta huce.

A watan Janairu kina auna ta a bayan labule kika ga wuyanta. Ya yi baƙi ta baya da cikin lanƙwasa, fatar ta yi kauri, wani wurin ya saɓule. Ranar da la'asar sai ga ki a gidana. Kika gaida Goggo, uwar maigidana, kika jira ta shiga ɗaki, kika aiki Nana maƙwabta, sannan kika ce, “Hannatu, me kike goga mata a wuya?” Na ce, “Soson buhu da toka, Malama, har lemon tsami na sa. Dattin ya ƙi fita, yarinyar nan ƙazama ce.” Kika ce, “Ba datti ba ne. Ki daina, kina ji mata ciwo a banza.” Sai kika ja hijabinki kika juya mini baya. Wuyanki irin nata ne sak.

A nan kika ba ni labarinki. Kika ce a Sule Tankarkar kika tashi a hannun kakarki, gidan shanu, ita ma ta binne jikoki kafin ke. Fura da nono da man shanu ba a barin ki huta, ana yabonki a gari ana cewa kin yi ɓul-ɓul. Kika ce kina shekara talatin da huɗu aka gano ciwon suga a jikinki, bayan ya daɗe yana cinki ba ki sani ba. Kika nuna mini ƙafarki da kike ɓoyewa cikin safa. Kika ce, “Ban ce Nana tana da shi ba, ni ba likita ba ce. Alama ce kawai ta a kula. Ni babu wanda ya ga tawa alamar.”

Daga nan kika buɗe jakarki kika fito da ledar abincin tamowa, wadda aka shanye aka lanƙwasa. Kika ce a jakar makarantarta kika gani. Ba ki yi faɗa ba, ajiye ta kawai kika yi a kan tabarma tsakaninmu. Na tashi na buɗe akwati na ɗauko igiyar da kwalbar, na faɗa miki komai, abin da ban taɓa faɗa wa ko mahaifiyata ba. Kika daɗe kina juya igiyar a hannunki. Kika ce, “Wannan igiya an yi ta ne ta gaya miki yaro ya tsira daga yunwa. Daga nan ba ta san komai ba.” Kuma kika ce, “Wanda ya tafi ba laifinki ba ne, Hannatu. Abincin da kike ɗura wa wannan kuma ba ya isa wurinsa.” Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne shi. Kika bar ni na gama. Da za ki tafi kika miƙo mini igiyar, kika ce in ajiye ta don tunawa da shi, kada in sake sa ta a hannun Nana.

Kwalbar ranar na zubar. Ledar kuwa, gaskiya, sai da na sake saya sau biyu a watan Maris da ta yi mura ta ƙi cin abinci. Ban faɗa miki ba. Yanzu nake faɗa.

Duk da haka aikinki ya fara nunawa. Daga Janairu zuwa Mayu nauyin Nana ya tsaya, tsawonta ya ƙaru da yatsa biyu a bangon aji huɗu. Da kika ji tana da murya kika sa ta ba da waƙa a gaɗa, sauran suna amshi. Ranar da ta fara zagaya fili sau biyu ba ta tsaya ba, ina gindin bishiya ina kallo, ludayi a hannuna. Yaran da suke ce mata Tirela su ne suka bi ta suna tafi suna cewa, “A ba ta hanya! A ba ta hanya!” Ta iso wurinki ta faɗa jikinki, kuka kusa faɗuwa tare. Ranar ta dawo gida tana surutu har Goggo ta ce a rufe mata baki.

Amma a watan Afrilu kika lura da wasu abubuwa da suka hana ki sakewa. Tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, tana yawan neman izinin fita fitsari, tana gyangyaɗi a aji. Na ce zafi ne. Kika ce wataƙila zafin ne, amma a auna a sani. Na kai maganar gida. Goggo ta ce yarinya lafiyarta ƙalau, jiki kamar a taɓa jini ya fito, don me za a je a tsotse mata jini a kira mata ciwo? Ta ce so ake a ce ɗanta ba ya ciyar da gidansa. Ba mugunta ba ce, Malama, kin sani. Da hannunta ta yi wa ɗana wanka ranar da ya rasu. Baban Nana ya rasa bayan wa zai bi, uwarsa ko matarsa. A ƙarshe ya ce, “In Malama ta zo ta faɗa mini da bakinta, ko Goggo ba za ta ce a'a ba.” Ke kika koyar da shi a aji uku, har gobe in ya hango ki sauka yake daga mota ya durƙusa.

Da na kawo miki saƙon ranar Litinin kika yi murmushi kika ce, “Hussaini? Wanda yake ɓoye allonsa na lissafi a cikin rumbu? Yaushe zai dawo?” Na ce ranar Alhamis, don kasuwa. Kika ce, “Ki ce masa Juma'a in an sauko daga masallaci ina nan tafe, ya tanadi kunnensa.” Kika yagi takarda kika rubuta wa wata ma'aikaciyar lafiya da kika sani a Gumel. Kika ce a kai Nana da sassafe kafin ta ci komai, kuma tare za mu je don kada in tsorata. Na ga kin shanye moɗa biyu a tsaye. Na ce, “Malama, ko ba ki jin daɗi?” Kika ce, “Gajiya ce, jarrabawa ta matso.” Na yarda, don ina so in yarda. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Baban Nana ya dawo ranar Alhamis ɗin kamar yadda ya ce, da burodinsa da madararsa da katan ɗin lemo. A tasha aka faɗa masa. Ko wanka bai yi ba ya wuce wurin zaman makoki, ya dawo idonsa jawur. Ya ce mini, “Ashe ciwon suga ne da ita? Duk shekarun nan ban sani ba.” A nan ya kamata in buɗe baki. Ban yi ba. In na faɗa masa dalilin awon sai na faɗa masa zancen kwalbar da ledar, shekara shida ina yi a gidansa bai sani ba. Yau kwana tara ina juya maganar. Katan ɗin lemon ya kai rabi. Duk sanda na ga Nana ta nufi randa, sai gabana ya faɗi. In ta yi barcin rana ya daɗe, sai in je in tsaya a kanta ina kallon numfashinta. Abin da ya ɗauke ki, Malama, shi ne abin da kika ce a duba a jikinta.

A makaranta ma abubuwa sun fara sassautawa, kuma ba na zargin kowa, kowa yana cikin jimami. Larabar da ta wuce ba a fito da sikeli ba. Alhaji Ɗantsoho ya ce ya bar wa makaranta shi, Allah ya kai ladan kabarinki, amma yana nan jingine a bayan ƙofar ofis. Mai lemon roba ya shigo da kekensa har cikin fili, ba wanda ya yi masa magana. Rabi ta soya awara a ranar da ba ranar suya ba, da na dube ta sai ta fashe da kuka ta ce ta manta ranar. Ni kaina ranar Litinin na tsinci hannuna ya ciko gwangwani na uku, na tsaya ina kallonsa, na mayar.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Kin rufa wa yaran nan asiri har ya zama yanzu babu wanda ya san sauran goman. Katunan suna cikin jakarki a gida, 'yarki Bilkis ta nuna mini su, sun fi ɗari uku, lambobi ne zalla. Ke kaɗai kika iya duba su ki ce wannan nauyinsa ya riga tsawonsa. Wataƙila a gida goma na garin nan akwai uwar da take goge wuyan ɗanta da toka a yau, tana cewa ƙazami ne. Ina roƙon Malam Sirajuddeen da malamai su karɓo katunan su nemi ma'aikacin lafiya ya duba su, a kira iyayen ɗaya bayan ɗaya, a ɓoye, yadda kike yi. Ina roƙon wani a cikinsu ya rataya usur ɗin. Ɗaukar sikeli aikin mutum biyu ne, ni da Rabi mun ce za mu riƙa fito da shi, mu ɗaura labulen. Karanta shi ne ba mu iya ba.

Na tambayi Nana kafin in sa sunanta a takardar nan, don na san ke ba za ki so a tona ta ba. Ta ce, “Umma, ki rubuta. Ai kowa ya san ni ce Tirela. Amma ki rubuta na zagaya fili sau biyu.” Na rubuta.

Baban Nana, kai zan fara miƙa wa takardar nan kafin in kai wa hedimasta. Abin da bakina ya kasa faɗa maka hannuna ya rubuta. In ka ce a cire wannan wurin za a cire, in kuma an ji ana karanta shi a taro, to da yardarka ne. Ba ka taɓa gazawa da mu ba. Ka kwana a hanya, ka sha rana a bakin iyaka, duk don kada 'yarka ta ga abin da yayanta ya gani. Ni ma abin da nake gudu ke nan, amma na yi abin da bai kamata ba, na kuma ɓoye maka. Ka yafe mini. Ka ce in Malama ta faɗa da bakinta za ka yarda. Ba ta kai Juma'a ba, amma ga rubutun hannunta, ka san shi tun kana aji uku. Goggo, ki yi mini afuwa, ba raina ki na yi ba. Jini ɗigo ɗaya ne a yatsa. In an ce babu komai, ni zan fi kowa murna, ki yi mini duk dariyar da kike so.

Malama, Allah ya jiƙanki da rahama, ya gafarta miki, ya sa ciwon da kika daɗe kina ɗauke da shi a ɓoye ya zama kaffara. Allah ya yalwata kabarinki ya haskaka shi, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarki. Duk yaron da ya sha ruwan randar nan, duk wanda ya yi gudu a filin nan jikinsa ya yi ƙarfi, Allah ya sa a mizaninki. Yadda kika rufa wa 'ya'yanmu asiri, Allah ya rufa miki naki ranar da babu mai rufawa sai Shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Alhaji Ɗantsoho, da Bilkis da ƙannenta, da 'yar'uwarki Hajiya Jannatu da dukan dangi na Sule Tankarkar da Gumel, da Malam Sirajuddeen da malamai, da yaran makaranta waɗanda har yau in Laraba ta yi suke waiwayen gindin dogon yaro. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.

Takardar da kika rubuta tana nan cikin akwatina, a kan igiyar. Har yau ba a auna jinin Nana ba. Katunan sauran goman suna cikin jaka, sikeli yana bayan ƙofar ofis, Laraba kuma saura kwana huɗu.

Hannatu mai zoɓo, Maigatari